Wa Ke Korarmu? Musayar Baitoci Kan Gudun Zamani

Baban Yara:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya 'yata mai shekara 6 ta kawo mini zanen da ta yi, na ce mata ya yi kyau alhali idona na kan waya. Abin da ta faɗa ya hana ni barci. Ga abin da na rubuta kafin asuba. Amsa-amon "wa" ne, mai baiti ya ɗora.

Da sunan Mai dare da rana,
Na kawo kuka, ku taya ni ganewa.

Ƙararrawa ke ta da ni kullum,
Waya ce farkon abin taɓawa.

Saƙo arba'in sun kwana jirana,
Kowanne ya ce shi ne na gaggawa.

In fita ban ga fuskar gari ba,
Ban san sa'ad da rana ke fitowa.

A ofis takarda kan takarda,
In gama ɗaya, goma na tahowa.

In dawo gida da gangar jikina,
Hankali na can, bai san dawowa.

'Yata ta miƙo mini zane,
Na ce "ya yi kyau", babu dubawa.

Ta ce, "Baba, ai ba ka gani ba,"
Ta naɗe abinta tana juyawa.

Minti 1,440 ke cikin kwana,
Ɗaya ta roƙa, na kasa bayarwa.

Shekara ta shige kamar mako,
In ce me na yi, sai mantuwa.

Ku gaya mini don Allah, 'yan uwa,
Wa ke korata? Ina nake zuwa?

Direban Dare:

Wa alaikumus salam, Yaya. Abin ya taɓa ni. Amma bari in faɗi nawa, kada a ɗauka duk mai gudu son ransa ne.

Yaya, na ji kukanka sarai,
Amma ni tilas ke sa ni rugawa.

Mai albashi ke zancen hutu,
Ko ya kwanta kuɗinsa na shigowa.

Ni ran da taya ta daina juyi,
Tukunyar gida ta daina tafasowa.

Haya na jira, makaranta na jira,
Mai bin bashi bai san ɗagawa.

An ce sannu ba ta hana zuwa,
Ƙarshen maganar fa akwai daɗewa.

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya,
Mai yunwa bai san daɗin tsayawa.

Ku nuna mini natsuwar talaka,
Wadda ba za ta hana shi ciyarwa.

Malamar Jinya:

Ƙanena Direba, ni ma aikin dare nake yi, don haka ba daga kan katifa nake maka magana ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa a 2016 kaɗai mutum 745,000 ne ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki suka kashe sanadin dogon lokacin aiki, wato awa 55 ko fiye a mako. Mai irin wannan aiki haɗarin shanyewar ɓarin jikinsa ya fi na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100. Ni fuskokinsu nake gani a gadon asibiti. Ku yi haƙuri, zan sauya amsa-amo.

Ban ce ka aje mota ba, ƙanena,
Na san yadda yake cizo, talauci.

Amma jiki amana ne gare ka,
Shi ma yana da nasa hukunci.

In tsoro ya zo zuciya kan yi sauri,
Jini ya hau, numfashi ya yi ƙaranci.

An yi mana haka don gudun ɗan lokaci,
A tsira, a koma cikin aminci.

Mu muka mai da shi rigar kullum,
Shekara goma ana cikin ƙunci.

Hawan jini ba ya aiko manzo,
Shiru yake zuwa, shiru yake ci.

Babba na son awa bakwai aƙalla,
Ba alfarma ba ce, haƙƙi ne barci.

Kana gudun kilomita 100 a kwalta,
Ido ya rufe, ka ce ai ɗan taƙaici,

Daƙiƙa uku ta haura mita 80,
Tazarar da kan jawo maraici.

Ka faka gefe ka runtsa minti ashirin,
Wallahi wannan ba ya cikin ragwanci.

Zafin nema ba ya kawo samu,
Yaranka kai suke so kafin abinci.

Ɗaliba:

Anti, Allah ya saka da alheri. Ni an haife ni a 2007, shekarar da iPhone ta farko ta fito, Facebook kuwa ya girme ni da shekara uku. Ban taɓa sanin duniyar da babu waya ba. Ba ni da iyali, ba ni da mai bina bashi, amma kullum a gajiye nake kwana.

Ni nawa gudun a zaune nake yi,
Yatsa na ja, hotuna na wucewa.

Shafin an gina shi babu gindi,
Kamar rijiyar da ba ta ƙarewa.

Littafi na da bango na ƙarshe,
Wannan kuwa ba shi da wurin rufewa.

Jan ɗigo ya fito a kusurwa,
Zuciya ta ce maza je ki buɗewa.

Masu shi da talla suke arziki,
Lokacina ne hajar sayarwa.

Kura da shan bugu, in ji manya,
Gardi na gefe yana karɓewa.

Ina karatu ina amsa saƙo,
Taura biyu fa ba ta taunuwa.

Shafi guda na bi shi sau huɗu,
Na rufe littafi, babu tunawa.

Sai na kashe ƙarar sanarwa duka,
Kira kaɗai na bari yana shigowa.

Kwana uku hannuna na ƙaiƙayi,
Na huɗu na ji tsuntsu na rerawa.

Ashe kullum yana nan bakin taga,
Ni ce ba ni da kunnen saurarawa.

Dattijo:

'Ya'yana, na karanta baitocinku duka, wasu har sau biyu. Shekarata 71. Direba ya yi tambaya ta gaskiya, kuma ina ganin ba a gama ba shi amsa ba. Harshenmu yana da kalma biyu da muke cakuɗawa, hanzari da gaggawa. Ni da ƙwar huɗu na saba, da ita zan amsa.

Ɗana Direba, tsaya ka ji ni,
Tambayarka na son bayani,
Hanzari abu ne mai amfani,
Shi daban yake da gaggawa.

Mai hanzari na nan a aikinsa,
Hannu da ido da hankalinsa,
Mai gaggawa ya bar jikinsa,
Ransa ya tsere, ba waiwayowa.

Dubi tela bisa kekensa,
Ƙafa na gudu, ido na zarensa,
In ya ɗauke kai daga layinsa,
Sai farkewa da sakewa.

Wani ya yi salla gaban Manzo,
Ya idar da sauri sannan ya zo,
Aka ce ya koma duk da ƙwazo,
Har sau uku, don babu natsuwa.

Talaka ma na da rabonsa,
Gaisuwar da ya yi da maƙwabcinsa,
In ya tsaya ya ji amsarsa,
Ba ta rage masa abin ciyarwa.

Shekara talatin ina aiki,
Uwargida na jira a ɗaki,
"In na yi ritaya" ke a baki,
Sannan ma zauna da tattaunawa.

Na aje aiki, wata tara
Ta yi, ta tafi, ni na saura,
Hirar da na ce za mu fara,
Kujerarta nake gaya wa.

Ban ce ku bar nema ba, 'ya'ya,
Ko ku tsaya a tsakar hanya,
In kun zo gida ku bar duniya
Inda takalmi ake tuɓewa.

Direban Dare:

Baba, Allah ya jiƙan Mama,
Baitinka ya sa idona cikowa.

Anti, daren jiya na bi maganarki,
Na faka da barci ya fara fizgowa.

Fasinja suka yi ta guna-guni,
Na ce gara jinkiri da kifewa.

Amma fa ina nan kan bakana,
Mai mota ma na da abin gyarawa.

In abin da zan kai masa bai ragu ba,
Hutun nan ni kaɗai ke biyawa.

Malamar Jinya:

Wannan gaskiya ce, ƙanena, ba zan musa ba. Ba yau aka fara wannan gwagwarmaya ba. Yarjejeniyar farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi a 1919 a kan awannin aiki ce: awa 8 a yini, 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu. A Faransa kuma tun 2017 doka ta sa kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye ya zauna da su a tsara lokacin da ba dole ne mutum ya amsa saƙon aiki ba. Mai aikin da sai ya fita yake samu, irinka, shi aka fi bari a baya.

Nauyin ba a kanka yake kai ɗaya ba,
Mai ba da aiki ma na da alhaki ya ci.

Wanda ya matse bawan Allah har ya faɗi,
Ribar da ya ƙirga akwai zalunci.

Baban Yara:

Baba Dattijo, Allah ya gafarta wa Mama, ya haskaka makwancinta. Baitin kujerar nan na karanta shi a ofis, sai da na fita waje. Ga abin da ya faru yau da yamma.

Na zo gida na sa waya a aljihun tebur,
Na rufe ta, ko ta yi ta kaɗawa.

Na ce, "'Yata, ina zanen nan naki?"
Ta dube ni tana tantamar kawowa.

Ta ciro shi ƙarƙashin matashi,
Duk ya yamutse saboda ɓoyewa.

Ga ta, ga mamanta, ga ƙaninta,
Hannu cikin hannu suna riƙewa.

Ga ni a gefe, na fi kowa tsawo,
Kaina a sunkuye, ba ɗagowa.

Na ce, "Mene ne baƙin nan a hannuna?"
Ta ce, "Wayarka ce da kake latsawa."

Na rasa abin faɗa, na jawo ta,
Muka zauna ƙasa har rana faɗuwa.

Ta ɗauko sabuwar takarda,
Ta ce in riƙe gefen, tana zanawa.