Neman shawara: wace kyamara ce za ta yi mini hoton tsuntsaye a fadama?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na jima ina ɗaukar hoto da waya idan na fita wajen gadar Kwalkwalawa ko tafkin Kware a nan Sakkwato. Hoton shanu da na faɗuwar rana suna fita, amma da na jawo zalɓe ko balbela sai hoton ya watse. Yanzu na ɗan tara kuɗi, kuma wani mai shago ya nuna mini Canon 2000D sabuwa a kwali da lens (gilashin gaban kyamara) 18-55mm, kuɗina sun kai cif. In ɗauka? Ba aikin biki zan yi ba, tsuntsaye da fadama ne a raina.

Mai Hoton Biki: Wa alaikumus salam. Ƙanena, dakata tukuna. Kyamarar ba ta da laifi, amma 18-55mm na hoton mutane ne da fili. Ka tsaya bakin gulbin Rima da shi, zalɓen nan ɗan mitsitsi zai fito, ka dawo kana cewa an cuce ka. Tsuntsu ba ya yarda ka matso, don haka lens ne zai matsa maka, kuma sai ya kai 250mm ko 300mm.

Da ni ne, ba zan zuba kuɗin duka a sabuwa ba. Jikin kyamara na hannu mai lafiya zan nema, ragowar in sa a lens. Nikon D3500 ko D5600 da AF-P 70-300mm mai VR, wato mai rage girgizar hannu. In ranka na kan Canon, ka haɗa da 55-250mm STM. A waɗannan Nikon ɗin, 300mm yana ba da kusancin 450mm saboda sensarsu, wato farantin da ke kama hoto a ciki, ba ta kai ta manyan kyamarori girma ba. Sai dai ka kula, lens ɗin AF-P ba ya aiki da tsofaffi irin su D3100, D3200 da D5100, kar a haɗa maka su don an ga kai sabo ne.

Kafin ka biya, a nuna maka yawan hoton da ta taɓa ɗauka. Shotar ire-irensu, wato labulen da ke buɗewa ya rufe a kowane hoto, an yi ta ne don wajen hoto 100,000, ta mai biki kuwa ta sha wuya, ni na sani. Ka haska fitilar waya cikin lens ɗin. In ka ga wani abu kamar yanar gizo-gizo, damshi ya yi masa illa, ka bar shi.

Malama daga Gawon Nama: Yaya, ka manta da ƙurar garin nan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, duk wanda ya cire lens a fili ƙura ta shiga, sai ya riƙa ganin ɗigo a sararin sama a kowane hoto. D3500 kuma ba ta da na'urar kakkaɓe sensa. Ni Nikon P900 gare ni, lens ɗinta a manne yake, ba cirewa, kuma tana jawowa har ninki 83. Kirinjijiya tana can tsakiyar ruwa nake cika hoto da ita. Aibinta ɗaya ne: sensarta 'yar ƙarama ce, da hantsi hoto ras, amma da almuru sai ya yi dusu-dusu, kuma tsuntsu mai tashi yana ba ta wahala.

Mai Hoton Biki: Gaskiyarki Malama. Amma in ya ɗaura 70-300mm tun a ɗaki ya bar shi a jiki, ƙurar ta ragu. Ya sayi ɗan famfon roba mai hura iska, ban da hurawa da baki, ban da gogewa da bakin riga. Yaron nan koyo yake so. Ranar da ya so kama shirwa a sama, saurin shota sai ya kai 1/1000 na daƙiƙa, a nan sensar da ta fi ta P900 girma take nuna kanta.

Baba Tsohon Malamin Gona: Yaro, ni ban san kan injin ba, amma na san fadama. Duk wadda ka saya, in ka fita da azahar wahala kawai za ka sha. Bayan sallar asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Tsuntsayen da ke tahowa daga Turai da kaka suke sauka, su yi hunturu da mu, su koma wajen Maris. Shamuwa kuwa sai gab da damina. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, kada ka bar kyamara cikin mota ko ƙarƙashin kujerar babur.

Abin da ya fi damuna shi ne wanga dogon lens. Daga nesa, a hannun baƙo, ba kowa zai ɗauke shi kyamara ba. Kowane ƙauye ka je, fara da gaida mai gari, ka nemi yaron gari ya raka ka. Kada ka saita ta wajen mata masu wanki, ko shingen jami'an tsaro. Dam ɗin Goronyo akwai tsuntsaye, amma hanyoyin gabas sai ka tambayi halin da ake ciki kafin ka kama hanya. Ka fara da na kusa da gari.

Ɗan Mabera: Allah ya saka da alheri, Baba na gode. Na fasa ta kwalin. Zuciyata ta fi karkata ga D5600 da 70-300mm, Malama ki yi haƙuri. Ƙafar kyamara fa, dole ce yanzu?

Mai Hoton Biki: Ba yanzu ba, VR zai riƙe ka da rana. Kuɗinta ka sayi batir na biyu na asali da memori mai sauri da jaka mai zif. In ka samo wadda za ka saya, ka turo hoton lambar da ke jikin lens ɗin mu duba kafin ka biya, don akwai 70-300mm marar VR kuma kamarsu ɗaya.

Malama daga Gawon Nama: Ba komai. In hunturu ya kama za mu ji labari.