Ankadrer, malamin da ke duba aikina, ya cika min babi da jan biro, don Allah a taimaka min da maganar majiya

Mai tambaya:
Salamu alaikum ƴan uwa, ina kwananku, ya sanyi. Shawara nake nema don ni kam kaina ya ɗaure. Ina mastar 2 a tarihi, memwar ɗina, wato kundin binciken kammala karatu, a kan fataucin ayari ne tsakanin Damagaram da arewa zamanin sarki Tanimun, da yadda unguwar Zango ta cika da fatake. Na kai ma ankadrer ɗina babi na biyu, bayan sati uku ya maido min shi jawur, ko'ina a gefen shafi ya rubuta "source ?", wato ina majiya, har na gaji da ƙirgawa. To abin shi ne yawancin abin da na rubuta a bakin tsofaffi na ji shi, kakana da wasu dattijai biyar a Birni da Zango, su kuwa ba littafi suka rubuta ba balle in sa shekara da shafi. Sannan akwai wata magana ta Barth, Baturen matafiyin nan na ƙarni na 19, da na kwaso cikin wani tsohon memwar, ni ban taɓa ganin littafin Barth da idona ba, kawai na sa sunanshi da shekara yadda mai memwar ɗin ya sa. Ga kuma wani PDF da aka turo mana ta WhatsApp, ba bango ba sunan marubuci amma wallahi bayani ne cike. Sutnans, wato ranar kare memwar gaban juri, malaman da za su ba da maki, saura wata biyu.

Wani da ya gama dokta a tarihi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, jan biron nan alheri ne, da gaban juri aka yi miki shi ai da kin gane. Kafin komai ki koma ki tambayi malamin wane tsari departeman ɗinku ke bi, don mu ƴan tarihi galibi a ƙasan shafi muke sa majiya da ƴar lamba, da su ibid. da op. cit. masu nuna majiyar da aka riga aka ambata, masu sosiyoloji da ilimin tarbiyya kuwa tsarin APA suka fi so, wato sunan marubuci da shekara cikin baka biyu a tsakiyar rubutu. Ki ɗauki ɗaya ki bi shi har ƙarshe, kar ki yi kwaɗon biyun.

Maganar tsofaffi kuwa ita ce ma dukiyar aikinki, ba abin kunya ba ce. A ƙasan shafi ki rubuta hira da wane, shekarunshi ko da kintace ne, sana'arshi, unguwar da aka yi hirar, da ranar. A ƙarshen memwar ki ware musu wurinsu daban, majiyoyin baka, kafin takardun arshib, wato na ma'ajiyar tarihi, da littattafai. Ki nemi littafin André Salifou na 1971 a kan Damagaram a ƙarni na 19, wanda ya fito cikin jerin Études nigériennes, da na Stephen Baier na 1980 a kan tarihin tattalin arzikin yankin nan, dukansu sun zauna da tsofaffi, ki ga yadda suka yi da su. Na Baier da Ingilishi yake amma batunki ne sak, in juri ya ga babu shi zai tambaya.

Kuma ba kowace jimla ke son majiya ba fa. Cewa Faransawa sun kama Zinder a 1899, ko an maida babban birni Yamai a 1926, wannan kowa ya sani. Amma da zarar kin ce raƙuma kaza ke cikin ayari, ko ga abin da sarki ke karɓa hannun fatake, to nan dole a ji wa ya faɗa.

Malamin islamiyya:
Ni ban yi bokon da ya kai naku ba, amma abin nan da kuke ta juyawa ai isnadi ne. Mu a zaure in ka ce "an ce" malam zai dube ka ya ce wa ya ce? Daga wa ya ji? Kuma wanda ya tsallake wanda ya gaya mishi ya jingina maganar ga na sama kamar a bakinshi ya ji, malaman hadisi sun ba abin suna, tadlisi. Ƴata, abin da kika yi da Baturen nan shi ke nan. Ki ambaci wanda kika ji daga gare shi.

Wani ɗan ajinta:
Haba Malam, tadlisi kuma har a memwar? Ni dai a ganina ki bar Barth ɗinki yadda yake, wa ke da lokacin zuwa duba littafin 1800 da wani abu, malaman nan ko karanta memwar ɗin duka ba su yi. Mu da muka yi lisans haka muka wuce lafiya lau.

Wanda ya gama dokta:
Ƙanena kar ka kai ta ka baro. Bari ka ji inda ake kama mutum. Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya iso Zinder ƙarshen 1852, littafinshi ya fito da Jamusanci da Ingilishi juzu'i biyar a 1857 zuwa 1858, fassarar Faransanci kuwa daga baya ta zo, juzu'i huɗu, shafukan ba ɗaya ba ne sam. To kin kawo magana da Faransanci kin sa 1857 da lambar shafi, wani cikin juri ya ce madmazel wane bugu kika karanta, kin iya Jamusanci ne? Nan take zufa. Kuma in mai tsohon memwar ya yi kuskure wajen kwafa, kin gaji kuskurenshi kin sa hannu a kai. Hanya biyu ce, ko ki rubuta Barth "cité par" wane, wato kamar yadda wane ya ambato shi, shekara, shafi, sai wanen nan shi ne zai shiga jerin littattafanki, ko ki nemo Barth ɗin da kanki, tsohon littafi ne yana intanet kyauta, ki duba rumbunan littattafai na Gallica da Internet Archive. Ni na biyun nake ba ki shawara tunda garinku yake magana a kai, gani ya kori ji.

Wata mai aikin bincike a sosiyoloji:
Ina son in ƙara abu guda da maza ba su taɓo ba. Batun ayari ba ya rabuwa da batun bayi, kuma kin san garin nan, kowa ya san gidan kowa. In wani tsoho ya ce miki gidan su wane asalinsu kaza ne, kika buga da cikakken sunanshi, memwar ya shiga bibliyotek wani jika ya karanta, wallahi kin haɗa faɗan da ba ki iya rabawa. Ki koma ki tambayi kowannensu ko ya yarda a sa sunanshi. Wanda bai yarda ba ki ba shi lamba ko harafi, ki bar shekaru da unguwa da rana, ki bayyana a gabatarwa dalilin da ya sa, ainihin sunayen kuma su zauna wurinki da wurin malaminki.

In kuma APA aka ce ki bi, ki sani a can hirar da mai karatu ba zai iya komawa ya samu ba cikin rubutu kawai ake ambatonta, ba ta shiga jerin ƙarshe, shi ya sa ni ban ga dacewarta da aikin tarihi irin naki ba, sai dai ki sa teburin waɗanda kika yi hira da su a aneks, wato rataye na ƙarshen memwar. Kakanki ma ki faɗa a fili cewa kakanki ne, ba laifi, ɓoyewar ce ke zama laifi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Yaya, na gode Anti, Malam Allah ya saka da alheri, tadlisin nan ya shige ni. Amma ga wata, ban rubuta ranakun hirar ba ko ɗaya, kuma ɗaya daga cikin dattijan Allah ya yi mishi rasuwa bayan salla, shi ne ma ya fi ba ni bayani a kan hanyar Agadas.

Mai aikin bincike:
Allah ya jiƙanshi ya sa ya huta. In da waya kika ɗauki muryar, buɗe fayil ɗin ki duba, ranar tana nan jikinshi. In babu ki sa wata da shekara kawai, kar ki ƙirƙiro rana. Izini kuwa ki nema wurin babban ɗanshi. Kuma yau ɗin nan ki kwafe muryoyin a kle USB da imel, waya faɗuwa take yi, muryar nan ba ki da inda za ki sake samunta.

Wani mai saiba kafe:
Ni PDF ɗin zan yi magana a kai don kullum ɗalibai na kawo min irinshi in buga. Ki ɗauki jimla guda mai tsawo daga ciki ki sa ta tsakanin alamar zance a Google, sau da yawa sai ki ga makala ce daga rumbunan mujallun bincike na Persée ko Cairn, ko wani tez, wato kundin dokta, da aka cire ma bango. In kin samo asalin ki ambaci asalin. In ba ki samo ba ki ajiye shi gefe, a yi amfani da shi wajen neman hanya amma ba a kafa hujja da marar uba. Kuma ki sa Zotero, manhajar tsara majiyoyi, a ordinater ɗinki, kyauta ne, yana shiga cikin Word ya jera miki komai, sai dai ki riƙa duba abin da ya cika don wani lokaci sunan marubuci yake juyawa. Ɗaya kuma, kar ki ce ChatGPT ya ba ki jerin littattafai, akwai yaron da ya zo nan muka kwana biyu muna neman wani littafi da ya ba shi, ashe babu shi duniya.

Ɗan ajinta:
To shi ke nan na janye, kar a ce ni na kada ta. Amma Yaya in ta samo Barth ɗin a turo mana mu ma.

Mai tambaya:
Na gwada dabarar Google yanzun nan, ya fito! Makala ce a Persée, da sunan marubuci da shekara da shafuka duka, ashe shafin farko kawai aka yanke. Na duba wayar kuma, huɗu suna da rana, biyu a kaye, littafin rubutu, na rubuta su don ranar batir ya mutu. Gobe in sha Allah bayan la'asar zan shiga Birni gidan marigayin. Anti, in na je da goro zan tafi ko kuwa gaisuwa kawai ta isa?

Mai aikin bincike:
Ki tafi da goro, kuma ki ja kakanki ku je tare, shi suka sani.