Wane suna za mu raɗa wa "eco-lodge" da Hausa?

Assalamu alaikum. Masu fassara, 'yan jarida, malaman Hausa, da ku masu kai baƙi gandun dajin Yankari da na Gashaka, ku matso kusa. Kalmar nan ta "eco-lodge" ta fara yawa a labarai da tallace-tallace, kuma kowa da yadda yake juya ta. Wani ya ce otal ɗin daji, wani ya ce koren masauki, wani ya bar ta da Turancinta ya wuce. Ina so mu tsayar da magana ɗaya.

Mu fara sanin abin kafin mu raɗa masa suna. Wurin kwana ne da ake yi, galibi a cikin gandun daji ko a gefensa, domin masu zuwa kallon namun daji da tsuntsaye, bisa sharaɗin kada zamansa ya cuci wurin. Wutarsa, in akwai, galibi daga sola take, ba janareta mai kwana yana ruri har dabba ta ƙaurace wa mashaya ba. Ruwansa da awo ake ɗiba. Shararsa ba ta kwana a daji. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye kuma suna da rabo a cikin abin da ake samu, ba kallon motoci kawai suke yi suna shan ƙura ba.

A Siwa, can cikin hamadar Masar, akwai irin wannan wurin kwana mai suna Adrère Amellal. Da laka mai haɗe da gishiri aka gina shi, irin ginin mutanen wurin tun kaka da kakanni, babu lantarki ko kaɗan, da dare kyandir ake kunnawa. A Laikifiya ta Kenya akwai Il Ngwesi, wanda aka buɗe a 1996, kuma mallakar jama'ar Masai ne na yankin, su ke gudanar da shi, ribar ta koma musu. A gandun dajin Zakuma na Chadi, inda giwaye suka ragu daga sama da 4,000 a 2002 zuwa kimanin 450 a 2010 saboda mafarautan haure, akwai Camp Nomade, tantuna ne da ake kafawa da rani, damina na kawo kai a naɗe su a tafi. Ginin laka, gidan jama'a, tanti: siffa uku daban, suna ɗaya. To sunan Hausar da za mu zaɓa dole ya ɗauke su duka.

Koren masauki dai a ajiye shi gefe. Kore a bakin Bahaushe launi ne, duk wanda ya ji zai ɗauka fenti aka shafa wa bangon. Haka "masauki mai abota da muhalli": abota tsakanin mutum da mutum take, kuma ko mai karanta labarai sai ya ja numfashi kafin ya kai ƙarshensa.

Otal ɗin daji shi ne ya fi saurin zuwa baki, amma ya faɗi inda wurin yake ne kurum, bai faɗi halinsa ba. Ana iya kai siminti da kwano tsakiyar daji a yi bene mai ɗaki 100, a haƙa burtsatse a cika kwamin wanka, a zuba ruwan masai a rafi. Shi ma otal ɗin daji ne. Ga kuma abin da ba na jin daɗin faɗa: a Zamfara da Katsina da Birnin Gwari yau, in ka ce wa mutum an kai wane masaukin daji, ba hutu zai kawo a ransa ba. Matsalar kalmar sansani ke nan ita ma, ta zama ta soja da 'yan gudun hijira da 'yan bindiga.

Zango ya daɗe yana ja na. Fatake su sauka, su shayar da jakuna, su kwana, gari na wayewa su ɗaura kaya, ayari na baya ya zo ya tarar da rijiya da inuwa yadda suke. Ma'anar ta yi kyau ƙwarai, kuma tantunan Zakuma zango ne na haƙiƙa. Sai dai ginin Siwa ba ya tashi. Kuma ɗan'uwanmu na Kumasi ko Akara in ya ji zango, unguwarsu zai gani, ɗan makaranta kuma ya tuna zangon karatu.

Shawarata ita ce: masaukin tattali. Jam'i, masaukan tattali.

Masauki ba ya buƙatar bayani, tun daga Sakkwato har Abeche. Ya fi otal faɗi, domin bukka ma masauki ce, tanti ma haka, soro ma haka. Kuma yana tafe da ladabin da muke so: wanda aka saukar baƙo ne, akwai mai masauki, akwai masu gari. A daji kuwa masu gari su ne giwa da ɓauna da gwanki, da manomi da makiyayin da suka riga kowa zama a wurin.

Tattali shi ne zuciyar maganar. Ku duba yadda uwargida take yi da hatsin rumbu: tana ɗiba kullum, gidan yana ci yana ƙoshi, amma da mudu take ɗiba, idonta na kan watan da sabon gero zai shigo. Ba rowa take yi ba, ba kuma ta rufe rumbun ta ce kada a taɓa ba. Tattali ke nan: a mori abu, a kula da shi, ya kai gobe. Muna cewa tattalin ruwa, tattalin lafiya, tattalin iyali, kowane da ƙauna a cikinsa. Sannan ga wani dacen. Wannan "eco" ɗin daga kalmar Girkanci "oikos" ya fito, ma'anarta gida, kuma daga ita Turawa suka samo sunan ilimin muhalli da na arziki duka biyun. Magabatanmu a aikin fassara sun riga sun ba ɗayan suna tattalin arziki, ya zauna daram har ba mai tuna cewa ƙirƙirarsa aka yi. Me zai hana ɗan'uwansa ya gaji kalmar?

Wani ɗan kasuwa daga Kano ya rubuto cewa shi in ya ga allo an rubuta masaukin tattali, zai ɗauka wurin masu tattalin aljihu ne, wato mai araha.

Alhaji, wannan gyara ne mai nauyi, na gode. Gaskiya ne kunne zai iya zamewa can, alhali wasu irin waɗannan masaukai a Okabango ta Botsuwana kwana ɗaya yana haura dala 1,000. Amma Alhaji, a kasuwa in ana nufin araha, araha ake cewa, ko mai sauƙin kuɗi, ko daidai talaka. Ban ji ana cewa shinkafar tattali ko atamfar tattali ba. Gurbin a buɗe yake. Abin da za mu yi shi ne, a farkon labari ko talla a kawo shi a cike, masaukin tattalin daji, daga nan a ci gaba da gajeren. Kunne zai saba.

Wata malama daga Damagaram ta tambaya me ya sa na ce tattalin daji ban ce tattalin muhalli ba, ta kuma tuna mini cewa a wajensu ana yawan jin kewayen ɗan Adam a rediyo.

Malama, barka da ƙoƙari. Muhalli kalma ce mai fuska biyu. In ambaliya ta yi ɓarna muna cewa mutane sun rasa muhallansu, gidaje muke nufi. To masauki ga muhalli a jere, wanda bai saba da Hausar labarai ba zai ji kamar an ce gidan gida. Kewayen ɗan Adam ya fi fitowa fili, tsawo ne kawai ya yi masa yawa. Wannan ma na cikin abin da ya sa na fi son gajeren, domin ba duka ne a daji ba: wani a bakin teku yake, wani kan dutse, wani cikin rairayi. Kuma Malama, ku ne ma kuka fi mu hujjar kalmar. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, su ne ragowar irinsu a duk Afirka ta Yamma. A 1996 guda 49 suka rage, yau sun haura 600. Ba a cikin shinge suke ba, cikin gonakin mutane suke yawo, suna cin ganyen gawo, wani lokaci har su taɓa waken manomi. Haƙurin mutanen ƙauyukan nan da kulawarsu, in ba tattali ba, me za a kira shi?

Wani dattijo malami ya kawo hurumi, ya ce ai tun kafin zuwan Turawa muna da filin da ake keɓewa a gefen gari, ba a nomawa, ba a ginawa, na kowa da kowa ne, don haka a ce masaukin hurumi.

Allah ya gafarta Malam, wannan kalma ta shiga raina, kuma ina roƙon kada a bar ta ta faɗi ƙasa. Sai dai a ganina sunan filin ce, ba sunan ɗakin ba. Yankari, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962, shi ne hurumin. Irin filayen da jama'a ke keɓewa da kansu a Kenya da Namibiya domin namun daji, hurumin jama'a ya fi kowace kalma dacewa da su. Amma masauki yana iya zama a tsakiyar hurumi yana ɓarna. Abin da nake nema sunan da zai faɗi aikin, har ya zama ana iya ƙure mai wurin da shi.

Nan ne na fi damuwa, ku yi mini haƙuri in ɗan tsaya. Kalmar Turancin ta riga ta zama ta talla. Mai otal ya yi jinka a kan rumfar cin abinci, ya dasa fulawa, ya rubuta "eco" a allo, shi ke nan. Na taɓa kwana a wani wuri mai irin wannan allo, ba zan kama suna ba. Da asuba na zagaya bayan kicin na tarar da rami cike da robobin ruwa da ledoji, ana cinna musu wuta, birai na tonon gefen da bai kama ba, ɗaya na yagar leda da haƙori yana lasar mai. Ɗakunan kuwa bulo ne da kwano, rana na yi sai na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma sai janareta. Baƙon da bai san ma'anar "eco" ba ba shi da bakin tambaya. Amma wanda aka ce masa nan masaukin tattali ne, ko bai taɓa shiga aji ba ya san abin da zai tambaya: ina tattalin?

Kuma amsar ba ta ɓuya. Daga ina ruwan yake, nawa ake ja? Da rani, lokacin da namun Yankari ke tattaruwa a bakin kogin Gaji saboda ko'ina ya ƙafe, duk durom ɗin da aka ja domin ban ruwan ciyawar ado, daga bakin wani aka ɗauke. Ruwan wanka da sabulu ina yake gangarawa? Wanda ya taɓa tsayawa cikin maɓuɓɓugar Wikki, ruwan ɗumi garai-garai har kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi, ya san ba sai an zuba abu mai yawa ba kafin wuri irin wannan ya lalace. Su wa ke aiki a wurin, kuma a wane matsayi? In 'yan ƙauyen shara da wanki kawai aka ba su, manaja da ɗan jagora da mai sayen kayan miya duk daga birni, to ba a yi tattalin mutane ba, kuma wanda bai ga amfanin giwa ba ranar da ta shiga gonarsa ba zai tausaya mata ba.

Ginin ma ba sai mun je nesa neman dabara ba. Tubali, azara, rufin soro, makuba a shafe bango, indararo ya kai ruwan sama cikin tanki, randa a gindin bishiya. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango yana riƙe sanyi da tsakar rana ba tare da waya ko ɗaya ba. Maginanmu na Zariya da Kano da Agadas sun san wannan tun da daɗewa, aikin ne ya daina zuwa musu.

Wani ƙane ya kawo alkinta, ya ce a ce masaukin alkinta daji. Ƙanena, kalmar gidan ce, kuma tana da kyau a aikatau: sun alkinta dajin, a alkinta ruwa. Wajen zama suna ne take ɗan tauri, ga shi yara da yawa a birni ba su san ta ba. A riƙe ta wajen bayani.

To ga inda aka fi karkata, bisa abin da kuka rubuto. A cike: masaukin tattalin daji. A gajarce: masaukin tattali, masaukan tattali. A labari za a ce, "Gwamnatin jiha za ta gina masaukan tattali a gefen gandun daji." A hira, "Mun sauka a wani masaukin tattali, ko janareta babu." Wanda ake kafawa da rani a naɗe da damina, a ce masa zangon tattali, kalmar ta samu gurbinta. Wanda bai cika sharaɗi ba, otal ne, a kira shi otal ko da a tsakiyar kurmi yake.

Masu tambayar "safari", don Allah kada a yi saurin cewa safara. Asalinsu ɗaya ne, daga Larabci, ita safari ta biyo ta Suwahili ne kafin ta shiga Turanci. Amma safara a kunnen mutane yau ta miyagun ƙwayoyi ce da makamai da mutane. A yi amfani da yawon kallon namun daji tukuna, ranar Asabar in Allah ya kai mu sai mu zauna a kanta.