Tururin da ke tashi a banza a gidan casar shinkafa

Alhaji daga Jega: Assalamu alaikum. Muna ƙona ɓuntu domin gumar shinkafa, kuma tururin da ya rage yana fita da zafin kusan digiri 120, alhali kuɗin man gas ya hana mu sakat. An ba ni labarin injin ORC mai mayar da irin wannan zafi wutar lantarki, shi ne nake neman shawararku.

Injiniya daga Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Injin yana tafasa wani sinadari ne mai saurin tururi, kamar fentan da ke tafasa a digiri 36, tururinsa ya juya janareta, sannan a sanyaya shi ya koma ruwa. Wajen sanyayawar nan gizo ke saƙa, domin idan zafinka 120 ne, iskar waje kuma 40 kamar yadda muke sha a watan Afrilu, iyakar abin da lissafi ya yarda ya zama wuta kashi 20 ne cikin 100, a aikace kuwa da ƙyar a wuce 10. Ka sa mai sayarwa ya rubuta maka ƙarfin injin a zafin Kebbi, kada ya kawo maka lissafin sanyin Turai.

Hajiya daga Argungu: Alhaji, sanyayawa da ruwa ta fi ba da wuta, amma famfon rijiyar burtsatse zai ci wani kaso daga cikinta. Idan da iska ce, ka tuna da ƙurar hunturu. Mu nan duk mako sai yara sun kakkaɓe lagireton janaretanmu, saboda ƙura da garin ɓuntu suna toshe shi kamar an liƙa tsumma.

Malam daga Yawuri: Ni sinadarin nake so a duba da kyau. R245fa, ɗaya daga cikin sinadaran da ake zuba wa irin wannan inji, ba ya kama wuta, sai dai idan ya tsiyaye yana ɗumama duniya kusan ninki 1,000 na iskar kabon, kuma yana cikin rukunin da yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka cimma a birnin Kigali a 2016 ta ce a rage, saboda haka samunsa zai yi ta wuya. Wani sinadarin, R1233zd, bai da wannan illa amma yana da tsada. Fentan ya fi araha, to amma wa zai ajiye abu mai kamawa da wuta kusa da tsibin ɓuntu?

Alhaji daga Jega: Allah ya saka da alheri. Injiniya, idan na sa aka auna zafin tururin da awannin aikinmu na wata guda, za ka duba mini lissafin kafin in nemi farashi?