Neman kalmar Hausa: me za mu kira "simulator" na tseren mota?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina rubuta bayani a kan yadda masu shirya manhaja suke ɗauko tsohuwar motar tsere, wadda aka ajiye fiye da shekara 50, su sake gina ta a cikin kwamfuta har mutum ya zauna a ɗakinsa ya tuƙa ta. Misalin da na ɗauka shi ne Lotus 49, motar da Jim Clark ya ci gasar ƙasar Holan da ita a filin Zandvoort a 1967, ranar da aka fara fito da ita fagen tsere. Kamfanin Papyrus na Amurka ya saka ta a cikin manhajarsa mai suna Grand Prix Legends a 1998 tare da sauran motocin wannan kakar, daga baya kuma kamfanin Kunos na Italiya ya sake gina ta a cikin tasa manhajar mai suna Assetto Corsa. Kalmar da ta tsaya mini a wuya ita ce "simulator". Na rubuta "wasan mota na kwamfuta", amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Mai amsa na farko: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, gara da zuciyarka ba ta kwanta ba, domin "wasan mota" zai kai mai karatu ga irin wanda yara suke bugawa a waya, inda mota take dukan bango ta ci gaba da gudu. Abin da kake magana a kai ya bambanta tun daga tushe. Wanda zai gina Lotus 49 a kwamfuta ba ya tsayawa a kan koren fenti da siffar bodi. Sai ya shigar da nauyin motar, wanda dokar wancan lokaci ta ce kada ya gaza kilo 500, da yadda nauyin ya rabu tsakanin gaba da baya, da tazarar giyoyinta biyar, da taurin sifirin da shokozoba, da yadda injin Cosworth mai silinda 8 da lita 3 yake ba da ƙarfin doki wajen 400 idan ya kai juyi 9,000 a minti ɗaya. A motar nan injin kansa wani ɓangare ne na ƙashin bayanta, domin a jikinsa aka ɗaure ƙafafun baya. Ga shi kuma ba ta da fukafukan da suke danne mota a ƙasa, waɗanda sai a 1968 suka shigo, tayoyinta kuma masu zane ne. Saboda haka idan ka taka totur da garaje a tsakiyar kwana, bayanta zai zame ya juyo da kai a cikin kwamfuta kamar yadda zai yi a kan kwalta. Duk kalmar da za a zaɓa, lallai ta nuna cewa halin motar ake bi, kamannin kuwa na biye ne.

Mai amsa na biyu: Ni a ganina mu ari kalmar mu ce "simuleta", kamar yadda muka ari sitiyari da birki da kuloci ba tare da wani ya koka ba. In kuwa dole sai an ƙirƙira, to ga "makwaikwayi".

Mai amsa na uku: Malam, aro ba laifi ba ne, sai dai sitiyari da birki sun zauna ne saboda direbobi da kanikawa sun riƙe su da hannu kullum, baki ya saba da su kafin alƙalami ya rubuta. "Simuleta" ba ta sami wannan gatan ba, kuma wanda bai taɓa jin ta ba babu abin da zai tsinta a cikinta. "Makwaikwayi" kuwa ginin sa daidai ne, domin a wannan ƙirar muka sami mabuɗi da ma'auni da madubi, amma a rubuce kunne zai fi karkata ga mutum mai kwaikwayon wani, kamar yadda muke cewa marubuci ko maɗinki. Na gwada "makamanci" a raina, sai na tarar kalmar tana da aikinta tuntuni, kuma tana jan hankali zuwa ga kama, alhali Bahaushe ya riga ya ce kama da wane ba ta wane. Saiwar da ta dace ita ce kwaikwayo, domin wanda ya kwaikwayi wani tafiyarsa da maganarsa da motsinsa yake ɗauka, ko da fuskarsu ba ta yi kama ba, kuma wannan shi ne abin da mai amsa na farko ya nema. Sai dai a lura cewa kalmar Turancin tana ɗauke da abu biyu. Akwai manhajar da take lissafin motsin motar, akwai kuma kujera da sitiyari da fedoji da mutum yake zama a kai, inda sitiyarin yake yin nauyi ko ya saki a hannu gwargwadon riƙon da tayoyin gaba suka yi wa hanya. Na farkon mu ce "manhajar kwaikwayon tsere", na biyun "na'urar kwaikwayon tuƙi". Wannan ginin zai yi mana amfani gaba, domin abin da matuƙan jirgin sama suke koyo a kansa sai ya zama "na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi".

Mai amsa na biyu: Na ji, amma ina tsoron mai karatu ya ga "kwaikwayo" ya tuna da wasan kwaikwayo na talabijin, mu koma gidan jiya.

Mai amsa na uku: Tsoron yana da dalili, amma kalmar "wasa" ce take kai mutum can, mu kuwa mun cire ta. Da zarar manhaja ko na'ura ta zo a gaba, tsere ko tuƙi ya biyo baya, babu wanda zai yi zaton dandali ake nufi. Tun da muna kai, kada mai tambaya ya ce "tsohuwar mota" a duk inda ya ga kalmar Turanci "vintage", domin tsohuwar mota a kunnenmu ita ce wadda ta gaji, ake tura ta kafin ta tashi. "Motar dauri" ta fi, kamar yadda muke cewa mutanen dauri, tsufa ne mai daraja. "Grand prix" kuwa Faransanci ne, ma'anarsa babbar kyauta, sunan kuma ya bi gasar tun wadda aka yi kusa da garin Le Mans na ƙasar Faransa a 1906. A bar shi yadda yake a matsayin suna, a cikin bayani a ce "babbar gasar tseren motoci".

Mai tambaya: Na gode, malamai, Allah ya ƙara sani. Ga yadda jimlar farko ta koma: "A 1998 kamfanin Papyrus ya sake gina motar dauri Lotus 49 a cikin manhajar kwaikwayon tsere, ta fito da wuyar sarrafawar da aka san motocin 1967 da ita." Idan jimla ta yi tsawo zan taƙaita in ce "kwaikwayon tsere" kawai. Saura kalmar da za ta ɗauki wannan nauyi da sakin da sitiyari yake yi a hannu; na rubuta "martanin sitiyari" na wucin gadi, ina jiran gyaranku.