Likita ya ce Baba VT gare shi, ciwon da zuciya ke bugu da mugun sauri, wai za a dasa masa na'ura a ƙirji

Yar Kurna:
Salam jama'a. Shekaranjiya Baba yana alwala sai ya ce ƙirjinsa na dukan uku-uku, gumi ya keto masa, kafin mu ankara ya zube gefen buta. A asibiti suka jona masa ECG, na'urar auna bugun zuciya, bugun ya kai 180 a minti, suka manna masa wasu abubuwa a ƙirji suka yi masa shokin ya dawo daidai. Yanzu ana maganar ICD, na'urar da za a dasa masa a ƙirjin, Mama kuka kawai take. Don Allah mai sani ya taimaka.

Nas ɗin Zariya:
Allah ya ba Baba lafiya ƙanwata. Zuciya ɗaki huɗu ce, umarnin bugu daga sama yake sauka, to a VT ɗakunan ƙasa ne ke ƙwace aikin su yi ta gudu har jini bai samun cika su balle ya kai ƙwaƙwalwa, shi ya sa ya faɗi. In gudun ya lafa da kansa kafin daƙiƙa 30 da sauƙi, in ya wuce haka ko mutum ya suma sai shokin. Mafi muni VF, nan zuciyar karkarwa kawai take, ba bugu. Yawanci tabon tsohon ciwon zuciya ne ke jawo VT ɗin. Za su iya ba shi maganin amiodarone, wani lokacin kuma a zura siririyar waya ta jijiya a ƙone wurin da ke tada rikicin.

Ɗan Kwallo:
Ki faɗa wa Mama Eriksen na Denmark da ya faɗi a fili a 2021 ICD ɗin aka sa masa, kuma ya koma buga ƙwallo har Manchester United. Ƙarama ce, ƙarƙashin fata take zama tana gadi, bugu na rikicewa ta gyara shi.

Nas ɗin Zariya:
Na manta, akwai wani nau'in VT ɗin da ƙarancin sinadarin potassium ko wasu magungunan maleriya ke tadawa, shi magnesium ake sawa ta jijiya, don haka kar a sayo masa komai a kemis ba da sanin likitansa ba. In kuma ya sake faɗuwa ba numfashi kar ku tsaya yayyafa ruwa, ku danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, wani ya nemo mota.

Yar Kurna:
Wallahi ruwan muka yi ta zuba masa ranar. Na gode Yaya, gobe zan tambayi likitan ko akwai inda za a koya mana dannawar, ni da ƙannena.