Gano iyakar fili da takardar safiyo da GPS

Masana sun haɗu a kan cewa takarda ce farko: a karɓo taswirar safiyo a ofishin filaye, kamar KANGIS a Kano, a kwafo lambobin da ke nuna wurin kowace kusurwa ta filin, a saka su a GPS na waya. Inda aka fi tuntuɓe shi ne, yawancin taswirorin Najeriya a kan ma'aunin Minna suke, wato tsarin lissafin wuri na Najeriya, waya kuwa WGS84 take bi, tsarin da GPS ke amfani da shi a duniya. In ba a sauya lambobin zuwa tsarin waya ba, wurin da za ta nuna kan goce da gwamman mitoci. Ko an sauya, waya na kuskuren mita 3 zuwa 5, ya fi haka a gindin katanga. Amfaninta kawai nemo turakun siminti na kusurwoyin fili da ƙasa ta binne. A tona a hankali, a auna tsakaninsu da tef. Kafa sabon turke aikin safiyo mai rajista ne.